Filin da Noboru Ya Ara

A gidan Terashima ɗan fari ne ke gadon haikali. Haka kakansu ya gada, haka ubansu ya gada, kuma kowa a ƙauyen ya ɗauka haka za a yi da Shunsaku, har tsofaffi suka fara kiransa ƙaramin Malam tun bai iya ɗaura ɗamarar rigarsa da kansa ba. Amma yaron ya tashi da wani irin kai: abin da bai ga dalilinsa ba, ko an dafa an ba shi ba zai haɗiye ba. Yana gama sakandare ya haɗa kayansa ya tafi jami'a a Sendai karatun fiziks, ya bar ubansa yana cika yana batsewa. Daga nan bai sake zaman gida ba sai ziyara. Haikalin ya faɗo kan ƙanensa Noboru, wanda duk burinsa a lokacin bai wuce ya zama direban babbar mota ya ga gari-gari ba.

Noboru bai taɓa yi masa ƙorafi ba. Ya aske kansa, ya tafi horo, ya dawo ya zauna inda ubansu ya zauna. Ya auri Tomoe, suka haifi 'ya ɗaya, ya ajiye tumbi, ya zama irin malamin da ko gidan makoki ya shiga sai an samu wanda ya yi dariya kafin ya fita. Shi kuwa Shunsaku dogo ne siriri, ya yi aure sau ɗaya bai yi ƙarko ba, bai kuma sake gwadawa ba. Ya zama farfesa, ya tsufa tsakanin allo da ɗalibai.

Duk shekara idan lokacin Obon ya zo, ana karɓar baƙuncin magabata, sai ya hau jirgin ƙasa ya zo gida. Da la'asar, bayan Noboru ya dawo daga karatun da yake bi gida-gida yana yi, sai su zauna a baranda da kwanon waken suya dafaffe cikin kwasfarsa da kwalbar giyar shinkafa mai sanyi, su ɗora musu daga inda suka ajiye shi bara.

"Yaya, bana me kuka gano? Ko har yanzu kuna fasa abin da ido bai gani ba, ku ce kun tsinci wanda ya fi shi ƙanƙanta?"

"Mu dai abin da muka faɗa muna aunawa. Kai fa? Mamaci nawa ya dawo ya ce maka karatunka ya isa inda ka aika shi?"

"Rashin dawowarsu ai shi ne shaidar. Da bai isa ba, da tuni sun dawo sun shaƙe ni."

Shekarar da maganar fili ta shigo tsakaninsu, ana zafi sosai, iska na tasowa daga teku tana ratsa gonakin shinkafar da suka shimfiɗu tun daga katangar haikalin har gindin duwatsu. Noboru ya tambaye shi, wai wannan ɗan ƙaramin abu da ya ƙare rayuwarsa yana bi, kamar me yake? Kamar tsakuwa?

"Mu ma da haka muka zata," in ji Shunsaku. Ya nuna gona da tsinken cin abinci. "Me kake gani yana gudu a kan shinkafar can?"

"Iska mana."

"Iska ba a ganinta. Kaɗawa kake gani. Ta taso daga can ta iso nan, amma ko kara ɗaya bai bar wurinsa ba. Ka tuna maganaɗisun da muke wasa da shi muna yara, yana jan ƙusa bai taɓa ta ba? Tsakaninsa da ƙusar ba wofi ba ne. Akwai abin da ya cika wurin, ya cika ko'ina, har inda kake rantsuwa babu komai. Shi muke kira fili. Abin da muke kira ƙwaya kuwa motsi ne kawai da filin ya yi a wani wuri. Ya taso, ya yi tafiyarsa, wata rana ya kwanta. Filin yana nan."

Noboru ya daina tauna. "Wato ni da kai da kwanon nan duk kaɗawa ce?"

"Kusan haka."

Sai Noboru ya daki cinyarsa har giya ta zube. "Haba Yaya! Ka tafi Sendai, ka ƙarar da ƙuruciyarka, gashin kanka ya zube ba aska, don kawai ka gano abin da Baba yake faɗa mana muna gyangyaɗi? Ai hankali ke nan! Tunani ya taso, fushi ya taso, mutum ɗungurungum ya taso ya kwanta, amma abin da suke tasowa a cikinsa ba a haife shi ba, ba ya mutuwa. Kuma wa ya ce maka a cikin ƙoƙon kai yake kulle? Ba ka ga idan Tomoe ta shigo ɗaki da fushi, tun ba ta buɗe baki ba kowa ya gyara zama? In wannan ba maganaɗisu ba ne, mene ne?"

"Ina jin ku," in ji Tomoe daga kicin.

"Nawa filin ina da na'ura mai allurar da ke nuna shi," Shunsaku ya ce. "Naka ina allurarsa? Don abu biyu sun yi kama a baki ba shi ne ya sa suka zama ɗaya ba. Kar ka taɓa mini fili."

"Aro zan yi."

"Ban bayar ba."

Suka yi dariya, aka kawo kifi, Shunsaku ya koma Sendai ya manta da zancen.

Bai sake tunawa da shi ba sai ranar jana'izar mahaifiyarsu, bayan shekaru. Noboru ne ya jagoranci karatun, da ya gama ya juyo ga jama'a kamar yadda ya saba. Ya ce ko masana kimiyya sun tabbatar, ga yayansa farfesa nan zaune shi ne shaida, cewa babu abin da ke ɓacewa. Mutum kaɗawa ce a kan fili, kaɗawar ta kwanta, filin yana nan, don haka Inna ba ta je ko'ina ba. Kawuna suka juyo wajen Shunsaku.

Wajen cin abinci wata mata mai suna Kinu, mai sayar da busasshen kifi, ta zo ta durƙusa gabansa ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tabarma. Ta ce tun shekarar da teku ta ci mijinta Malam ya faɗa mata maganar Farfesa, kuma tun daga ranar take iya barci. Ta ce ba ita kaɗai ba, duk ƙauyen sun san maganar.

Da baƙi suka ragu, Shunsaku ya tarar da ƙanensa a ɗakin baya yana cire manyan riguna.

"Ashe da sunana kake yi wa mutane ƙarya?"

"Wace ƙarya? Ba kai ka ce filin yana nan ba?"

"Filina na ce. Ban ce Inna tana wani wuri tana jiran kowa ba."

"Yaya, mace ta zo mini mijinta ya nutse, ko gawa ba a samu ba. Me kake so in miƙa mata? Lissafi?"

"Ka miƙa mata abin da ka yarda da shi, da bakinka. Kar ka jingina shi a jikina."

"Na yarda da shi."

"To bar shi ya tsaya da ƙafarsa mu gani." Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma ranar ce aka ƙona gawar uwarsa bisa al'adarsu, zuciyarsa na neman inda za ta sauke, sai ya ƙara da cewa, "Kai da ko karatun nan ba kai ka zaɓa ba. Tarar da shi ka yi a rataye kamar tsohuwar riga, ka saka."

Noboru ya tsaya da rigar a hannu. Ya daɗe yana linke ta, yana daidaita gefe da gefe.

"Haka ne, Yaya," ya ce.

Ba su yi gaba ba. Shunsaku ya ci gaba da zuwa Obon, ana ci gaba da kawo wake da giya baranda. Sai dai hirar ta koma ta ruwan sama da ciwon gwiwa da wanda ya mutu a ƙauye. Noboru bai sake tsokanarsa ba, shi kuma ya rasa ta inda zai faro. Duk shekara yana hawa jirgi da niyyar bana zai gyara, duk shekara yana dawowa da niyyarsa a aljihu.

Shunsaku ya riga ya yi ritaya lokacin da Tomoe ta kira shi a waya da hantsi.

"Yaya, ka zo. Jiya ƙanenka yana tsakiyar karatu a gidan makoki ya tsaya, ya dubi mutane yana murmushi, ya tambaye su wa ya rasu."

Ta ce abin ya daɗe, ita ce take rufawa. Ya sa takalminsa a firji. Ya kira ta da sunan 'yarsu. Ya fita da mota ya rasa hanyar gida a ƙauyen da aka haife shi.

Shunsaku ne ya kai shi babban asibitin cikin gari. Aka kwantar da Noboru aka tura shi cikin wata na'ura mai kama da rami, wadda ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ƙarfin maganaɗisu. Shunsaku ya san yadda take aiki ciki da waje, ya koyar da tushenta shekara da shekaru. Da likita ta haska hotunan tana nuna inda naman ya janye ya bar gurbi, sai ya ji da ma bai iya karanta su ba.

A hanyar fita Noboru ya kama hannun rigarsa. "Yau dai an saka ni cikin filinka, Yaya. Sun ga allurar tawa?"

Wannan ce tsokanar farko tun rasuwar Inna. Shunsaku ya kau da kai. Ya yi kamar yana neman makullin mota.

Bai koma Sendai ba. Ya shimfiɗa katifa a ɗakin da ya kwana yana yaro. 'Yar Noboru, Misae, tana aure a Yokohama, ba mai gadon haikali, kuma ga Obon ya matso, gidaje na jiran Malam ya zo ya yi wa magabatansu karatu. Tomoe ta ce a nemo wani malami. Noboru ya ƙi, ya yi fushi irin wanda ba a san shi da shi ba, har ya yi jifa da kofin shayi. A ƙarshe aka shirya cewa Shunsaku zai tuƙa shi, ya zauna bayansa, in ya kakare ya raɗa masa.

Shunsaku ya ɗauki littafin karatun don ya bi da ido, sai ya tarar ba ya bukatarsa. Abin da ubansu ya dasa masa da sanda tun yana ɗan ƙarami yana nan bai motsa ba, baƙi bayan baƙi. Wannan ya ba shi haushi, ya kuma ba shi kunya.

Gidajen farko an sha da ƙyar. Noboru ya zauna gaban ɗan akwatin da kowane gida ke ajiye sunaye da hotunan magabatansa, ya kunna turaren wuta, ya buga 'yar ƙararrawa, karatu ya zubo. In ya tsaya, Shunsaku ya jefa masa kalma ɗaya daga baya, ya cafe ya wuce. Masu gida suka riƙa yin kamar ba su lura ba, suna kawo shayin sha'ir mai sanyi da kankana.

A gidan Kinu ne abin ya tsaya cak. Noboru ya kai tsakiya ya yi shiru. Shunsaku ya raɗa, bai ɗauka ba. Ya sake raɗawa. Noboru yana kallon hoton mijin Kinu da ke jingine, bakinsa a buɗe. Sai Shunsaku ya ɗaga murya ya ci gaba da karatun shi kaɗai, da muryar da ba ta saba ba. Kinu, wadda yanzu ta tsufa ta ranƙwafa, ta shigo da tata siririyar murya ta tallafa masa. Can wajen ƙarshe Noboru ya dawo ya same su, suka sauke tare.

Suka shiga mota suka fita daga unguwar.

"Muryarka kamar akuya mai mura," in ji Noboru.

"Akuyar ce ta fitar da kai kunya."

"Tsaya nan."

Shunsaku ya tsaya a gefen hanya ƙarƙashin wata bishiya. Noboru ya sauke gilashi. Idanunsa sun washe, irin washewar da ke zuwa masa jefi-jefi ta wuce.

"Yaya, zan tambaye ka, kuma ban son tausayi. Na san abin da ke cina. Kullum ina tashi in tarar an kwashe wani abu. Faɗa mini yadda yake a wurinku. In motsin nan ya kwanta, ina yake zuwa?"

Shunsaku ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya san amsar da za ta yi daɗi, tana nan a bakinsa, kalma kaɗan ce. Ya dubi ƙanensa ya ga idan ya faɗe ta zai gane lallashi ne kawai.

"Ƙarfinsa ba ya ɓata," ya ce. "Yana shiga wasu abubuwan, ya bazu. Filin kuma yana nan. Amma shi wannan motsin, da siffarsa, da yadda yake shi ne ba wani ba, ba a ajiye shi a ko'ina. Ba ya dawowa."

"To hankali fa?"

"Mun auna abin da ƙwaƙwalwa take yi. Mun ga in ta lalace mutum yana raguwa. Amma yadda aka yi nama yake jin zafi, yake kewa, yake sanin yana nan, wannan ba wanda ya nuna mini shi a allo. Ban sani ba, Noboru."

Noboru ya kwashe da dariya har da tari. "Tomoe ba ta nan! Kaico, ba shaida! Tun da aka haife ni yau na fara jin ka ce ba ka sani ba." Ya share ido da hannun riga. Dariyar ta janye a hankali. "Ni ma ban sani ba, Yaya. Ina dai faɗa musu ne, in na ga sun samu sauƙi sai in ji kamar na sani. Yanzu da abin ya zo kaina, tsoro nake ji."

Shunsaku ya ɗora hannu a kan gwiwarsa. Rabon da ya taɓa jikin ƙanensa tun suna yara. Suka zauna haka har wata motar manomi ta zo tana neman hanya.

Bayan girbi abin ya yi sauri. Sunaye suka tafi, sannan hanyar banɗaki, sannan yadda ake riƙe tsinken cin abinci. Shunsaku ya koyi yi masa wanka da aski, ya koyi dafa kunun shinkafa yadda ba zai shaƙe shi ba. Wani lokaci Noboru ya kira shi Yaya, wani lokaci ya gaishe shi da ladabi kamar baƙon da ya zo gyaran famfo. Amma ko a ranakun da bai san kowa ba, in Tomoe ta shigo ɗakin, ko ta bayansa ta shigo, sai ya juya fuska wajenta.

Da sanyi ya kama, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, Tomoe ta ga rigunan birni na Shunsaku ba za su yi ba, ta buɗe adaka ta ciro masa tsohuwar rigar auduga mai kauri ta ubansu. Wata safiya ya shigo da ita a jikinsa, riƙe da tiren karin kumallo. Noboru na ganinsa ya yunƙura ya sauko daga katifa, ya durƙusa ya haɗa gwiwoyi, ya ɗora hannaye a cinya kamar yaron da aka kira.

"Baba."

"Ni ne, Noboru. Ga abinci."

"Baba, na share farfajiya. Na goge tagulla duka." Muryarsa ta koma ta saurayi. "Ina so in yi tambaya, kar ka yi fushi. Yaushe Yaya zai dawo ya karɓa? Ka ce in riƙe masa ne kawai har ya gama karatu. Kamfanin motocin sun ce ba za su jira ni har abada ba."

Shunsaku ya ajiye tiren don kada ya suɓuce. Bai taɓa jin wannan magana ba. Ranar da zai bar gida ya gaya wa ubansu ƙiri-ƙiri cewa ba zai dawo ba, kuma ya ɗauka an gaya wa kowa.

"Baba? Ko ya aiko da saƙo?"

Ya durƙusa gabansa. Ya rasa ko da bakin wa zai amsa.

"Ya dawo," ya ce. "Yana nan cikin gida. Ka yi ƙoƙari, Noboru. Ka huta."

Fuskar Noboru ta saki gaba ɗaya. "Yauwa," ya ce. "Yauwa. Ai na san zai zo." Ya karɓi kunun ya sha fiye da yadda ya saba.

Shunsaku ya sami Tomoe a kicin tana yanka kabeji. Ya tambaye ta ko ta san da wannan. Ba ta ɗago ba.

"Ya taɓa faɗa mini farkon aurenmu, yana dariya. Ya ce Baba ya yi masa wayo. Sai da ya shekara biyu da aske kai sannan ya gane ba mai zuwa."

"Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

"Ya ce ba kai ka yi alkawarin ba, me zai tambaye ka?" Ta tura kabejin cikin tukunya. "Kuma kar ka ɗauka zaman baƙin ciki ya yi, Yaya. Ya so mutanen nan, sun so shi. Sai dai in babbar mota ta wuce a titi, yakan bi ta da kallo. Shi ke nan."

Shunsaku ya fita ya ɗauki shebur ya yi ta kwashe ƙanƙarar farfajiya, har inda ba mai bi, sai da hannayensa suka daina ji.

Noboru ya rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, da rana tsaka, Tomoe na goge masa baki. Wani matashin malami daga haikalin ƙauyen gaba ya zo ya yi karatun. Ya yi shi tsaf, ba tuntuɓe, ya rufe littafi ya sunkuya. Jama'a suka zauna ba wanda ya motsa, don sun saba a nan ne Malam yake juyowa ya yi musu magana. Sai Kinu ta ɗaga kai daga cikin mata.

"Farfesa, ka faɗa mana maganar nan. Ta filin. Yau shi ya kamata a faɗa wa."

Shunsaku ya miƙe.

"Ƙanena ya ari magana a wurina," ya ce, "na yi fushi da shi a kai. Rabinta tawa ce, kuma wannan rabin zan iya tsaya muku a kansa: abin da muke gani kamar ƙwaya motsi ne, in ya kwanta filin yana nan. Ɗaya rabin, cewa hankalin mutum ma haka yake, wannan nasa ne. Ban sami hujjarsa ba, ba kuma zan ce muku na samu ba." Ya ga wasu sun sunkuyar da kai. "Abin da na gani da idona shi ne, ya manta sunansa, ya manta nawa, ya manta karatun da ya yi muku shekara da shekaru. Amma har ranar ƙarshe in matarsa ta shigo ɗaki yana juyawa. Ban san sunan wannan ba. Da yana nan da ya sa masa suna, da kuma na yi masa musu."

Ya zauna.

Wajen fita Kinu ta tsaya gabansa tana dogara sanda, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam ya fi ka iya faɗa."

"Ya fi ni," in ji Shunsaku.

Ta gyaɗa kai, ta cusa masa ƙunshin busasshen kifi a hannu, ta wuce.

Bayan an gama kwanakin makoki aka yanke cewa haikalin zai koma ƙarƙashin matashin malamin, ya riƙa zuwa in an yi rasuwa ko lokacin Obon. Misae ta zo ta ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai a wannan ƙaton gida ba. Tomoe ta yi ta jan ƙafa har furannin bazara suka zube, sannan ta yarda. Aka fara maganar rufe gidan a buga katako a tagogi, sai Shunsaku ya ce a bari, shi zai zauna. Gidan da ba kowa, in ji shi, damina ɗaya ke cinye shi. Ba wanda ya tambaye shi wani dalili bayan wannan.

Shi ya kai Tomoe tashar jirgi. Duk hanya tana lissafa masa abubuwa: bututun bayan kicin yana daskarewa, a naɗe shi da tsumma tun kafin sanyi, tulun gautar da ta jiƙa a juya shi kullum da hannu, ba da cokali ba, kyanwar da ke zuwa ba tasu ba ce amma a ba ta. Da jirgi ya iso ta karɓi jakarta, ta sunkuya masa sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Yaya, ka riƙa cin abinci mai zafi."

"Ke ma ki kula da gwiwar nan."

Ya tsaya har jirgin ya sha kwana. Ya koma mota ya zauna, bai tayar ba sai da mai gadin tasha ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani manomi ne da bokiti da furanni a hannu, ya zo wanke kabarin iyayensa, yana neman makullin famfon maƙabarta. Shunsaku bai ma san famfon yana da makulli ba. Ya ce wa mutumin ya shigo. Suka duba bayan ƙofa, suka duba cikin akwatin takalma, suka zazzage aljihun tebur, manomin yana ba shi labarin yadda amfanin gona ya yi bara. Ba su same shi ba. A ƙarshe Shunsaku ya cika masa bokitin a kicin, ya sa takalmi, ya kama hannu ɗaya manomin ya kama ɗaya, suka haura tudun tare ruwan na fantsama musu a ƙafa.